Masoro, Dawaki da Rupi

Har zuwa tsakiyar shekarar 1966, duk wanda ya shiga kasuwar Dubai ko Doha ko Maskat zai sayi buhun shinkafa, da kuɗin Indiya zai biya. Rupi ne kuɗin ƙasa a can, babban bankin Indiya ke buga shi. A 1959 ma sai da bankin ya ware wa ƙasashen bakin Tekun Fasha nasu takardun kuɗi masu launi daban, domin 'yan sumoga sun gano hanya: su shigar da zinariya Indiya a ɓoye, su kwaso rupi, su kai Kuwait ko Baharain a musanya musu da fam ɗin Ingila, Indiya kuwa ita ke biyan fam ɗin daga asusunta. Kuwait ta yi nata dinari a 1961, Baharain ta bi sahu a 1965. Sauran suna nan riƙe da rupi har ranar 6 ga Yunin 1966, da gwamnatin Indira Gandhi ta karya darajarsa da fiye da kashi ɗaya cikin uku. A Delhi aka yanke hukuncin, a Doha da Dubai aka ji zafinsa. Cikin 'yan watanni masarautun biyu suka haɗa kai suka buga riyal ɗinsu. Oman ce ta yi jinkiri har 1970.

'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai sarin kaya sun saba ganin Ba'indiye a bayan kanta, Ba'indiye a sitiyarin tasi, Ba'indiye a wurin canji, har sukan dawo suna cewa sai ka yi kwanaki a Deira ba ka yi ciniki da Balarabe ba. Daga nan sai a ɗauka man fetur ne ya haɗa mutanen biyu, Balarabe maigida, Ba'indiye ɗan ƙodago. Wannan tsari bai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba. Kafinsa, ƙarni bayan ƙarni, Balarabe ne baƙo mai neman masauki, kuma a ganina irin masaukin da aka ba shi ya cancanci a san shi.

Iska ce ta fara ƙulla abin. Kafin zuwan jirgi mai inji, tekun da ke tsakanin kudancin ƙasar Larabawa da yammacin Indiya shi ke tsara wa kowa shekararsa. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba iska daga kudu maso yamma take kaɗawa, tana tura jirgi gabas, ita ce kuma ke kai wa Indiya damina. Daga Nuwamba zuwa Maris sai ta juya, ta fito daga arewa maso gabas a bushe, ta mayar da jirgi gida. A tsakiyar damina, Yuni da Yuli, teku kan yi fushin da ba mai tunkararsa, tashoshin gaɓar Malabar a rufe suke. Saboda haka mai jirgi daga Aden ko Shihr ko Zufar yakan jira ƙarshen Agusta ko farkon Satumba ya ɗaga, ya yi makonni bai ga ƙasa ba, sannan ya sauka. In ya sauka kuma, komawarsa ba a hannunsa take ba. Masoron ma da ya zo saye ba a girbe shi sai wajen Disamba da Janairu. Wanda bashinsa bai fito kan lokaci ba, ko jirginsa ya nemi gyara, to shekara ta kama shi.

Mutumin da zai yi wata huɗu ko biyar a gari duk shekara ya wuce a kira shi matafiyi. Yana bukatar ɗaki da rumbun ajiya, da wakilin da zai riƙa tara masa kaya in ba ya nan, da masallaci, da alƙalin da zai raba masa gado in ajali ya riske shi, da maƙabarta. Yana kuma bukatar mata. Duk wanda ya san yadda fataken goro suka kafa zango a Salaga da Kumasi, suka auri 'yan gari, jikokinsu suka tashi da harshe biyu, ya riga ya san rabin tarihin Musulmin Malabar. Mapila ake kiransu, kuma a ƙidayar 2011 Musulmi sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen jihar Kerala. Ba duka ne jinin Larabawa ba, ko kusa. Mafi yawansu jikokin masunta ne da manoma da sauran waɗanda tsarin ɗabaƙa na Hindu ya ajiye a ƙasa, suka ga ƙofa a buɗe suka shiga. Amma hanyar da addinin ya biyo tana nan a jikinsu. Musulmin arewacin Indiya, waɗanda Musulunci ya iso musu ta tudu tare da Turkawa da Afganawa, Hanafawa ne. Na Malabar Shafi'awa ne kamar mutanen Hadramaut. Wasu manyan gidajensu a Kannur da Kalikut ma sun riƙe al'adar ƙasar ta miji ya tare a gidan matarsa, 'ya'ya su zama na dangin uwa. Malamai sun daɗe suna taɓe baki a kai, sai dai ga mijin da rabin shekara yana kan ruwa, da wuya a sami tsarin da ya fi wannan sauƙi.

Zirga-zirgar ta girmi Musulunci nesa ba kusa ba. An tono tukwanen mutanen kwarin Indus a Ras al-Jinz da ke Oman, masu shekara sama da 4,000, kuma wani ɗan kasuwa mai rubutu da Girkanci a ƙarni na 1 ya bayyana tashar Muziris ta Malabar cike da jiragen fatake. Game da isowar Musulunci kuwa, mutanen Kerala suna da labarin da suke ƙauna: wai sarkinsu Cheraman Perumal ya ga tsagewar wata, ya bar sarauta ya tafi Makka, daga baya Malik bin Dinar ya zo ya gina masallacin Kodungallur a shekarar 629. Masana tarihi ba su gamsu da wannan shekara ba, ko da yake labarin ya yi ƙarfin da a 2016 Firaministan Indiya Narendra Modi ya kai wa Sarki Salman na Saudiyya tsarabar ƙaramin samfurin masallacin da aka yi wa ruwan zinariya. Ni shaidar da ta fi burge ni ba ta da mu'ujiza a cikinta. Wasu faranti ne na tagulla daga garin Kollam, na shekarar 849, inda hakimin yankin, Bahinde, ya ba wani cocin Kirista fili da wasu haƙƙoƙi. A ƙarshen takardar shaidu sun sa hannu, wasu da rubutun Larabci na Kufa, wasu da Farisancin da, wasu da haruffan Ibrananci. Ke nan a wannan lokaci Musulmi sun zauna da gindinsu a garin har ana kiransu shaida a kan kyautar da aka yi wa coci.

Littattafan makaranta ba su cika tsayawa nan ba. Sun fi son Muhammad bin Ƙasim, saurayin da Hajjaj bin Yusuf ya tura Sind a 711, ya ci Debal, ya kashe Sarki Dahir, ya kai har Multan, sannan sabon halifa ya sa aka dawo da shi a ɗaure ya mutu a kurkuku a Iraƙi. Yaƙi ya fi daɗin bayarwa. Amma mulkin Larabawa bai taɓa yin nisa daga kwarin Indus ba, kuma babbar ganimar da aka samu daga Sind ba a fagen fama aka same ta ba. A zamanin Halifa Mansur, wajen 771, wata tawaga ta iso Bagadaza da littafin ilimin taurari na Indiya, aka mayar da shi Larabci da sunan Sindhind. Wajen 825 Khawarizmi ya rubuta littafinsa kan lissafin Indiyawa, wanda ta hanyarsa lambobi tara da sifili suka bazu. Har gobe Larabawa lambobin Indiya suke kiran waɗanda suke rubutawa. Likitocin Indiya sun yi aiki a fadar Haruna Rashid. Ibn Muƙaffa kuma ya fassara Kalila wa Dimna daga Farisanci, asalinsa kuwa tatsuniyoyin Panchatantra ne. Wannan reshen ya iso har Zariya: Kalila wa Dimna na cikin rijiyoyin da Abubakar Imam ya ɗebi ruwa don Magana Jari Ce, kuma masu nazari sun bi sawun akun nan mai tsare mutum a gida da labari dare bayan dare har zuwa wani tsohon littafin Indiya.

A koma ga kaya. Daga Malabar masoro ne kan gaba, sai citta da kirfa da sauran kayan ƙamshi, daga Gujarat yadi, sai shinkafa da ƙarfe. Sai kuma katako, wanda ba a cika ambata ba alhali shi ne gindin komai. Ƙasar Larabawa ba ta da itacen da za a sassaƙa babban jirgi, saboda haka jirgin Balarabe kansa haifaffen Indiya ne: katakon saj daga dazukan Malabar, a ɗinke da igiyar ɓawon kwakwa ba ƙusa ko ɗaya. Garin Beypore kusa da Kalikut har yanzu yana sassaƙa irin waɗannan jirage da hannu, attajiran Katar ke yin odarsu, yanzu don shaƙatawa.

Me Balarabe zai kawo a madadi? Dabino, lubban, lu'ulu'u, zinariya da azurfa. Amma hajar da ta fi kowace riba ita ce doki. Sarakunan kudancin Indiya suna bukatar dawakin yaƙi, ƙasarsu kuwa da zafinta da danshinta ba ta karɓar kiwonsu. Marubucin Farisa Wassaf ya ce a ƙarni na 13 ana tura dawaki 10,000 duk shekara daga tashoshin Tekun Fasha, kowanne a kan dinari 220 na zinariya, kuma wanda ya mutu a hanya ma mai saye ne ke biya. Ko an rage wani abu saboda zuƙin marubutan da, cinikin babba ne. Marco Polo, wanda ya ratsa yankin a shekarun 1290, ya ƙara da cewa yawancin dawakin ba sa kai shekara saboda ba a iya kula da su ba, kuma dillalan da gangan suke hana masu sanin maganin doki shiga jirgi. Ba na son a ɗauka zumuncin nan duk na waliyyai ne. Kasuwa ce, da wayonta.

Inda abin ya kai ƙololuwa shi ne Kalikut, garin da yau ake kira Kozhikode, ƙarƙashin sarakunan Hindu masu laƙabin Zamorin. Ibn Batuta ya sauka can wajen 1342, yana kan hanyar kai saƙon Sarkin Delhi zuwa Sin, ya tarar da jiragen Sin 13 a tasha. Sarkin tasha Balarabe ne mai suna Ibrahim, mutumin Baharain. Akwai alƙalin Musulmi, akwai attajiri Misƙal mai jirage da yawa, wanda masallacin da ke ɗauke da sunansa yana nan tsaye a unguwar Kuttichira, da benayensa na katako, ba ƙubba ba hasumiya, don masassaƙan gari ne suka gina shi yadda suka iya gini. Ibn Batuta ya yi wata uku yana jiran iska. Ranar da za a tashi ya tsaya a gari don sallar Juma'a, guguwa ta taso, jirgin da ke ɗauke da kyaututtukan sarki ya farfashe a gaɓa, ƙaramin da ke ɗauke da kayansa ya yi gaba ba shi, aka bar shi da darduma da dinari goma. A cikin wannan masifa ya lura da wani abu. Zamorin da kansa ya fito bakin ruwa ba takalmi, an riƙe masa laima, dogarawansa suna dukan masu son wawashe abin da teku ya tofo. A sauran gaɓar, in ji shi, kayan jirgin da ya nutse na sarki ne. A Kalikut na mai shi ne, kuma ya ce wannan ne ya cika garin da baƙi. (Shi dai wannan Ibn Batuta, bayan shekara goma sha ɗaya yana Takedda a ƙasar Nijar ta yau, yana ba da labarin tagullar da ake kai wa Gobir da Borno.)

Ba tsoron Allah kawai ya sa Zamorin haka ba, lissafi ne. Ƙasarsa siririya ce tsakanin dutse da teku, arzikinsa kuɗin fito ne, kuma manyan Hindu na wancan zamani ba sa son ƙetare teku. Ya bar wa baƙi ruwa, ya riƙe tudu. Har ta kai a 1393 Musulmin Kalikut suka rubuta wa Sarkin Yaman na gidan Rasul suna neman izinin ambaton sunansa a huɗubar Juma'a. Sarkin gari Bahinde, addu'ar mumbari ga wani sarki a ƙetaren teku, kuma ba wanda ya kira abin cin amanar ƙasa. A nemo gwamnatin da za ta yarda da haka yau.

A watan Mayun 1498 Vasco da Gama ya jefa anga kusa da Kalikut. Mutumin farko da ya tura tudu, wajen wasu 'yan kasuwa biyu mutanen Tunis aka kai shi, masu jin harshen Sifaniya, abin da ya isa ya nuna masa wa ya riga wa. Gaisuwar da ya kawo wa sarki, 'yan yadudduka da huluna da tasoshin wanke hannu da zuma, fadawa dariya suka yi mata, suka ce mafi talaucin fataken Makka ya fi haka. Turawan Fotugal ba su da hajar da za su yi gasa da ita, amma suna da igwa a cikin jirgi. A 1500 kwamandansu Cabral ya yi wa garin ruwan wuta bayan wata tarzoma. A 1502 da Gama ya dawo, ya tare wani jirgi mai dawowa daga Makka ya ƙone shi da ɗaruruwan mutane a ciki har da mata da yara, sannan ya nemi Zamorin ya kori duk Musulmi daga garinsa. Zamorin ya ƙi. Sarkin Masar Ƙansuh al-Ghauri, wanda harajin masoro ke ciyar da baitulmalinsa, ya turo jiragen yaƙi suka haɗu da na Gujarat da na Kalikut, aka murƙushe su a Diu a 1509. Fotugal kuma ta ce duk jirgin da zai ratsa teku sai da takardar izininta.

Manyan attajiran Larabawa suka tattara suka koma Jidda da Alƙahira, don suna da inda za su. 'Ya'yan da suka haifa ba su da wata ƙasa. Su ne suka yi kusan shekara ɗari suna yaƙin sunƙuru da ƙananan jirage ƙarƙashin gidan Kunjali Marakkar, sarakunan ruwan Zamorin, har zuwa 1600 da wani Zamorin ya ga na ƙarshensu ya yi ƙarfi da yawa, ya haɗa kai da Fotugal, aka kai shi Goa aka sare masa kai. Wani malamin Ponnani, Zainuddin Makhdum, wanda ya yi karatu a Makka, ya rubuta tarihin wannan gwagwarmaya da Larabci wajen 1583, Tuhfatul Mujahidin. A ciki ya yaba wa sarkin da ba Musulmi ba kan dukiyar da ya ƙarar wajen kare Musulmi, ya kuma zargi sarakunan Musulmi da naɗe hannu. Littafinsa na fiƙihu, Fathul Mu'in, har yau ana karanta shi daga gaɓar Afirka ta Gabas zuwa Indonesiya.

Wannan ya kawo ni ga abin da mu ɗaliban zaure muka fi kowa cin moriyarsa ba tare da mun lura ba: ilimi ya riƙa komawa yamma daga Indiya. Mai Kanzul Ummal, Aliyu al-Muttaƙi, haifaffen Burhanpur ne da ya ƙare rayuwarsa a Makka. Murtala az-Zabidi, mai Tajul Arus, sharhin Ƙamus da ba a yi kamarsa ba, sunan garin Zabid na Yaman yake ɗauke da shi amma a Bilgram ta arewacin Indiya aka haife shi a 1732. A Alƙahira ya zauna har rasuwarsa a 1791, gidansa matattarar alhazan Afirka ta Yamma, kuma cikin waɗanda suka karɓi ijaza a hannunsa akwai Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ashe akwai Ba'indiye a salsalar malaman Sakkwato. Ko Ar-Rahiƙul Makhtum da ke kusan kowane masallaci a yau, Safiyur Rahman Mubarakfuri ne ya rubuta shi, ɗan jihar Uttar Pradesh.

Da Ingila ta gaji teku, sai ta mayar da gaɓar Larabawa bayan gidan Indiya. Daga Bombay aka tura rundunar da ta rushe Ras al-Khaima a 1819. Aden da aka kama a 1839, daga Indiya aka mulke ta har 1937. Kan sarkin Indiya ake liƙa wa wasiƙa a Maskat da Baharain. Dukiyar yankin gaba ɗaya lu'ulu'u ce: masu nutso su shafe watannin zafi a teku, cikin bashin masu jirgi da ɗa kan gada daga uba, abin da suka tsamo kuma Bombay ake kai shi a huda, a jera, a tura Faris. Jirgi ya dawo da shinkafa da shayi da yadi da katako da itacen udu na Assam. Kabsar da alhazanmu ke ci a Makka su dawo suna santi, a duba shinkafarta da kayan ƙamshinta a ga daga ina suka fito. Manyan gidajen Kuwait da Najd da Hijaz duk suna da reshe a Bombay, kuma da ribar can aka buɗe makarantun zamani na farko: Al-Falah ta Jidda a 1905, wadda dillalin lu'ulu'u Muhammad Ali Zainal ya kafa, da Mubarakiyya ta Kuwait bayan 'yan shekaru. Gidan Ƙu'aiti, waɗanda suka mulki Mukalla har 1967, a aikin sojan Nizam na Hyderabad suka tara kuɗin da suka kafa sarauta da shi. Sarkin Oman Taimur bin Faisal da ya gaji da mulki a 1932 Indiya ya koma, a Bombay ya rasu.

Sai Japan ta gano yadda ake noman lu'ulu'u, karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta ƙarasa sauran. Yunwa ta shiga garuruwan gaɓa. A daidai wannan tsakani aka haƙo mai a Baharain a 1932, Saudiyya da Kuwait a 1938, bayan tashin farashi na 1973 kuwa sai tafiya ta juya gaba ɗaya. A shekarun 1960 samarin Malabar suka riƙa shiga jiragen katako ba fasfo ba biza, a sauke su kusa da Khor Fakkan su ƙarasa da iyo. Yau Indiyawa kusan miliyan 9 ke zaune a ƙasashe shida na yankin, kuma binciken ƙaura na Kerala na 2023 ya ƙiyasta 'yan jihar miliyan 2.2 a waje, akasarinsu a can. Wasu sun yi kuɗi na ban mamaki, irin su Yusuff Ali da ya sauka Abu Dhabi a 1973 ya kafa kantunan LuLu. Mafi yawa leburori ne da direbobi da nas-nas da 'yan aikin gida.

A nan ne nake ganin kwatanci ya zama dole, ko da zai yi ɗaci. Balaraben da ya sauka Kalikut an ba shi fili, an ba shi mata, an bar masa alƙalinsa, jikansa ya zama ɗan ƙasa. Ɗan Kalikut da ya sauka Sharja ko Riyad, zamansa rataye yake da kafili da igama, kalmomi biyu da mutanenmu mazauna Saudiyya ba sa bukatar a yi musu bayaninsu. Ya yi shekara arba'in, ɗansa da aka haifa a can baƙo ne. Katar a 2020 da Saudiyya a 2021 sun sassauta dokar sauya wurin aiki, gyaran Saudiyya kuwa bai haɗa da 'yan aikin gida ba. Na san amsar da ake bayarwa, kuma ba ta banza ba ce: a Katar da Daular Larabawa 'yan ƙasa ba su fi kashi ɗaya cikin takwas ko tara ba, in aka buɗe ƙofar zama ɗan ƙasa an gama da su. Ba kuma Balarabe kaɗai ke cin gumin lebura ba. Dillalin biza da ke sa mutum ya jinginar da sarƙar matarsa ɗan garinsu ne, kuma gobarar Mangaf a Kuwait, wadda ta kashe kusan mutum 50 a Yunin 2024, galibinsu Indiyawa, shugaban kamfanin da ya jibge su a ginin ɗan Kerala ne.

Siyasar gwamnatoci ta bi nata layi, wani lokaci kusa da wannan, wani lokaci nesa. Ministan ilimi na farko a Indiya, Abul Kalam Azad, a Makka aka haife shi. Firaminista Nehru ya tsaya wa Nasser na Masar a rikicin Suez na 1956, suka kafa ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu tare, kuma a 1974 Indiya ta amince da ƙungiyar PLO a matsayin wakiliyar Falasɗinawa. Duk da haka a taron ƙasashen Musulmi na Rabat a 1969 an gayyaci tawagar Indiya sannan aka rufe mata ƙofa, saboda shugaban Pakistan Yahya Khan ya ce ko shi ko su. Sai bayan shekara 50 aka gayyaci ministar harkokin wajen Indiya irin wannan taro a Abu Dhabi, lokacin da Indiya ta riga ta ƙulla da Isra'ila tun 1992 kuma jam'iyyar kishin Hindu ke mulki. Aƙida ta ja baya, ciniki ya shige gaba. Amma miliyoyin mutanen nan sun zama jingina a hannun kowane ɓangare. A 1990 sai da Indiya ta kwashe kusan mutum 170,000 ta Amman bayan Saddam ya shiga Kuwait. A 2022 kuma, da wata kakakin jam'iyya mai mulki ta yi ɓatanci ga Annabi (SAW), koken Musulmin Indiya bai motsa kowa ba. Da Katar da Kuwait suka kira jakadu, ranar aka dakatar da ita.

A ƙauyukan Malappuram da Kozhikode yau benaye ne jere, da yawa a kulle ko tsohuwa da suruka ke gadinsu, masu su suna zuwa hutun wata ɗaya ko biyu. Tun 2011 da Saudiyya ta fara tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa, masu dawowa gida suna ƙaruwa, 'ya'yansu da suka yi boko kuma Kanada da Ingila suke hange. Kuɗin Tekun Fasha ya ɗaga ladan ƙodago a Kerala har ɗan gari ya daina ɗaukar kwanon siminti, saboda haka magina da masu aikin gona yanzu daga Bengal da Bihar da Assam suke zuwa, kwana biyu ko uku a jirgin ƙasa, su kwana da yawa a ɗaki ɗaya, su tura kuɗi gida ƙarshen mako.